Fansa Da Ɗiyauci: Abin Da Kiristocin Yola Da Jimeta Suke Tunawa A Makon Ista

Duk mutumin Adamawa da yake zaune a nan Kurmi ya san akwai lokatai biyu a shekara da tashoshin mota suke cika maƙil da 'yan'uwanmu Kirista masu haramar tafiya gida, watau lokacin Kirsimati da lokacin Ista. Kirsimati dai ba ta bukatar dogon bayani, sallar hunturu ce ta sababbin ɗinki da dafa shinkafa da ziyarar dangi. Ita kuwa Ista takan faɗo ne tsakanin ran 22 ga Maris da ran 25 ga Afrilu, daidai lokacin da zafin bazara yake kan ganiyarsa a Yola, kogin Binuwai ya janye ya bar tsibiran yashi, kowa ya fitar da tabarmarsa tsakar gida don kwana. Amma duk da wannan zafi, in ka tambayi kowane malamin addinin Kirista, Fada ne ko Fasto, zai gaya maka Ista ita ce babbar salla a wurinsu, ta fi Kirsimati nauyi nesa ba kusa ba.

To, jama'a masu karatu, dalilin wannan nauyi shi ne muke so mu duba yau. A Agege da Obalende da Idi-Araba na Ikko, da Sabo ta Badun, da Fatakwal, ɗan Arewa Musulmi da ɗan Arewa Kirista gida ɗaya suke haya, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, mutanen gari kuma duk Bahaushe suke ce musu. Ya kamata ke nan kowa ya san abin da maƙwabcinsa yake tunawa ran sallarsa. Shi kuma Kiristan da aiki ko rashin kuɗin mota ya hana shi zuwa gida, ya kyautu ya san cewa abin da ake taruwa dominsa a Jimeta yana iya riskarsa har ɗakin da yake haya.

YADDA MAKON YAKE GUDANA

Kafin Ista akwai azumi na kwana 40 wanda yake farawa ran Larabar Toka, ranar da ake shafa wa masu sujada toka a goshi don su tuna da mutuwa, su tuba. Makon ƙarshe na wannan azumi shi ake kira Mako Mai Tsarki. Ran Lahadin da ta buɗe makon ana fita da ganyen dabino don tunawa da shigar Yesu Almasihu birnin Urushalima. Ran Alhamis da yamma ana tunawa da abincin ƙarshe da ya ci tare da almajiransa 12. Ran Jumma'a, wadda ake kira Jumma'a Mai Kyau, ita ce ranar gicciye, kuma ranar hutu ce ta gwamnati a duk faɗin Nijeriya. A ranar ne 'yan ɗarikar Katolika suke bin Hanyar Gicciye mai matsaya 14, suna durƙusawa a kowace matsaya, babbar sujadar kuwa ana yin ta wajen ƙarfe 3 na yamma, sa'ar da aka ruwaito ya cika. Asabar ranar shiru ce. Lahadi kuwa sai murna ta ɓarke domin tashinsa daga matattu, 'yan Zumuntar Mata su fito da anko da kayan kiɗansu, 'yan Sabon Rai su ɗauki waƙa.

Daga unguwannin Bako da Mbamba ta ɓangaren Yola, har zuwa Luggere da Jambutu da Karewa a Jimeta, masu fita wannan sujada mutane ne na harsuna barkatai: Bachama da Mbula da Chamba da Kilba da Margi da Higi da Lunguda da sauransu. Abin da yake haɗa bakinsu a majami'a shi ne Hausa, musamman tun daga 1932 da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa.

Tushen wannan mako kuwa ya girmi addinin Kirista kansa. Littafin Fitowa ya ba da labarin yadda Banu Isra'ila suka yi zaman bauta a Masar ƙarƙashin Fir'auna, da yadda a daren fitarsu aka umarci kowane gida ya yanka ɗan rago, ya shafa jininsa a dogaran ƙofa, ya ci naman da gurasa marar yisti. Aka kuma umarce su su riƙa maimaita wannan idi kowace shekara, su gaya wa 'ya'yansu dalilinsa. Shi ne Idin Ƙetarewa. A lokacin wannan idi ne Yesu ya zauna da almajiransa, ya kakkarya gurasa ya ba su a matsayin jikinsa, ya miƙa musu ƙoƙon ruwan inabi a matsayin jininsa, ya kuma yi musu wasiyya su ci gaba da yin haka don kada su manta da shi. Wannan shi ne asalin Jibin Ubangiji. Watau tun daga farko, tunawa da hadaya da fita daga bauta tafe suke tare kamar ɗanjuma da ɗanjummai.

Ɗarikoki sun sha bamban wajen fassara wannan jibi. Katolika sun yi imani gurasar da ruwan inabin suna zama ainihin jiki da jinin Almasihu. Mutanen Lutheran sun ce Almasihu yana nan da gaske tare da gurasar da ruwan inabin. Wasu ɗarikoki kuma sun ɗauke shi alama ce ta tunawa. 'Yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, watau EYN, sukan haɗa da wanke wa juna ƙafafu, babba ya durƙusa gaban ƙarami. Amma dukkansu sun haɗu a kan magana ɗaya, cewa hadayar da aka yi a kan gicciye sau ɗaya aka yi ta, ta kuma wadatar. Shi ya sa Kirista ba ya yanka dabba don neman gafarar zunubi.

Sanin kowa ne cewa a nan Musulunci ya rabu da Kiristanci, domin Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. Wannan bambanci ne na gaske, ba kuwa abin ɓoyewa ba ne. Sai dai duk wanda ya taɓa kayar da ragon layya don tunawa da biyayyar Annabi Ibrahim, ba zai rasa gane abin da maƙwabcinsa yake nufi ba in ya ce yau ranar tunawa da hadaya ce.

KALMAR DA TA FITO DAGA ZAMANIN BAUTA

Kalmar da Kiristocin Arewa suka fi amfani da ita wajen bayyana wannan al'amari ita ce fansa. Suna kiran Almasihu Mai Fansa. Matasan yau da yawa sun ɗauka kalmar majami'a ce kawai, alhali kuwa kakanninmu sun san ta a kasuwa da gaban alƙali.

Modibbo Adama ya kafa garin Yola a 1841. Shekara 10 bayan haka, a 1851, Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Yola, ya kuma rubuta irin yawan bayin da ya ji labari a ƙasar Adamawa, har akwai masu bayi fiye da 1,000. Ƙauyen da ake zaunar da bayi don noma, wanda Hausawa suke ce wa rinji, da Fulatanci rumde ake kiransa. A wancan zamani bawa yana iya yin murgu, watau ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu don a bar shi ya yi sana'ar kansa. In ya tara abin da aka yanka masa, sai ya fanshi kansa. In kuwa ba shi da hali, sai ko wani ɗan'uwa ya zo daga nesa da dukiya ya fanshe shi. A 1901, shekarar da Turawa suka ci Yola, Gwamna Lugga ya kafa dokar hana cinikin bayi, ya kuma ce duk yaron da aka haifa daga ran 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan mutane masu yawa sun tsaya gaban alƙalai, aka biya fansarsu, aka ba su takarda.

Saboda haka lokacin da masu wa'azi na farko suka ce wa mutanen bakin Binuwai an biya fansarsu, masu sauraro ba su bukaci tafinta ba. Sun san fansa ba ta samuwa kyauta, dole wani ya biya. Sun kuma san akwai bawan da farashinsa ya fi ƙarfin murgunsa ko zai shekara 100 yana biya. Koyarwar Kirista ita ce ɗan Adam irin wannan bawa ne a hannun zunubi. A sura ta 8 ta Bisharar Yohanna, Yesu ya kwatanta mai saɓo da bawa wanda saɓon ya zama ubangijinsa. Azumi da sadaka da kyawawan ayyuka, a fahimtar Kirista, ba su isa su cika kuɗin ba. Sai Almasihu ya zo kamar ɗan'uwan nan daga nesa, ya biya da ransa.

KABURBURA BIYU

Yadda wannan koyarwa ta iso ƙasar Adamawa ma labari ne na hadaya. A farkon 1913 mutum uku suka taso daga Turai a ƙarƙashin reshen ƙasar Danmak na ƙungiyar mishan ta SUM: Likita Niels Bronnum, da matarsa Margaret, da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Dagmar Rose. Suka yada zango a Rumasha, wani gari a bakin Binuwai kusa da Lakwaja, don su koyi Hausa. Abin lura shi ne, a nan Rumasha ne mishan ta buɗe gidan renon yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi a 1909, wanda aka sa wa sunan Lucy, marigayiya matar Dokta Karl Kumm da ya kafa ƙungiyar. Watau a tsakiyar 'yantattun yara Bronnum ya fara jin Hausa.

Cikin watan Yuni na wannan shekara Margaret ta haihu, ta rasu bayan haihuwar. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai. Mutum uku suka fito, saura ɗaya. Da Bronnum ya juya a nan, ba mai ganin laifinsa. Amma ya binne matarsa, ya shiga jirgin ruwa ya ci gaba da hawan Binuwai. Da yake gwamnatin Turawa ba ta barin 'yan mishan su zauna a garuruwan sarakunan Musulmi, sai ya sauka a Numan, ƙasar Bachama, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai, wajen mil 40 daga Yola. Cikin watan Oktoba na 1913 ya fara aiki.

Daga wannan ɗan mafari ne Ekklesiyar Lutheran ta Nijeriya, watau LCCN, ta tsiro. A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa. A 1960 Fasto Akila Todi ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci ekklesiyar, aka kuma naɗa shi Bishop a 1973. Makarantar horar da fastocinta da take Mbamba, kusa da Yola, sunan Bronnum take ɗauke da shi. A 2017 kuwa, a taron da aka yi a birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, aka zaɓi Babban Bishop ɗinta, Dokta Musa Panti Filibus, ya zama shugaban tarayyar Lutheran ta duniya baki ɗaya, ya riƙe muƙamin har 2023.

Kabari na biyu yana Garkida. Ran 17 ga Maris 1923 Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a garin, wanda shi ne mafarin EYN. A 1924 matar Kulp, mai suna Ruth, ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. Asibitin da aka gina a Garkida sunanta aka sa masa. Su kuwa Katolika, limamai 'yan ɗarikar Agustin daga ƙasar Ailan ne suka iso Yola a 1940, aka kuma ɗaukaka Yola ta zama mazaunin Bishop a 1962.

Amma kada wani ya ɗauka Turawa kaɗai suka biya. Malaman ƙauye 'yan ƙasa, waɗanda suka yi ta yawo a ƙasa daga tsauni zuwa tsauni suna koyar da karatu da ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba, su ne suka yi mafi yawan aikin, sunayen da yawansu kuwa ba su shiga littafin kowa ba.

ƊIYAUCIN DA BA NA SAKACI BA

To, in an fanshi mutum, sai me? Nan ne wasu suke tuntuɓe. Akwai mai cewa tun da an riga an biya, ai sai ya sha sharafinsa, ran Lahadi ya je ya karɓi gafara. Manzo Bulus ya yi fama da masu irin wannan tunani tun a zamaninsa, ya kuma ƙaryata shi a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 6. Misalin a fili yake. Bawan da ɗan'uwansa ya sayar da gona da shanu ya fanso shi, in gari ya waye aka gan shi ya koma rinji da ƙafarsa ya ɗauki fartanyar tsohon ubangijinsa, ai ya wulakanta dukiyar da aka zubar dominsa.

Martin Luther, malamin nan na Jamus wanda ɗarikar Lutheran take amsa sunansa, ya rubuta wani ɗan littafi a 1520 a kan 'yancin Kirista. Taƙaitaccen abin da ya koyar shi ne, wanda aka 'yantar ba ya sauran fargabar ko aikinsa ya isa ya saya masa gafara, don haka hannuwansa sun sami sukunin yi wa maƙwabcinsa hidima. Ma'aunin ɗiyaucin mutum ke nan: me ya yi da shi ga na kusa da shi?

Mafi wuyar wannan hidima ita ce yafewa. A sura ta 18 ta Bisharar Matiyu akwai misalin wani bara da sarki ya yafe wa bashi mai ɗimbin yawa, da fitarsa sai ya shaƙe wuyan abokin aikinsa saboda 'yan kuɗi ƙalilan. Sarki ya ji, ya sa aka kamo shi. Darasin shi ne, ƙiyayya da neman ramuwa su ma iyayengiji ne masu bautar da mutum.

JARRABAWAR 2014

Mutanen Adamawa sun ga an gwada wannan koyarwa a gaban idonsu. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, bayan Madagali da Michika sun riga sun faɗa hannunsu. Hedkwatar EYN da take Kwarhi ma ba ta tsira ba. Jama'a suka yi ta kwararowa Yola da Jimeta, wasu a ƙasa ta cikin duwatsu, wasu ta ƙasar Kamaru. Gidan da aka gina don mutum 10 sai ka tarar da 40 a ciki. Dubban mutane suka fake a harabar babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa da take Jimeta, inda Bishop Stephen Dami Mamza, wanda shi kansa ɗan Bazza ne ta ƙasar Michika, ya buɗe ƙofa ba tare da tambayar addinin kowa ba. Shugabannin Musulmi da na Kirista na garin suka haɗa hannu wajen rabon abinci.

Da ƙura ta lafa, wasu suka koma gida, amma akwai waɗanda ƙauyukansu ba su komuwa. Domin su ne ekklesiyar Katolika ta Yola ta gina gidaje 86 a Sangere-Margi cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe su a 2021. A cikin unguwar akwai makaranta, akwai majami'a, akwai kuma masallaci da aka gina wa Musulmin da suke cikin 'yan gudun hijirar. Wasu Kirista sun yi gunaguni a kan wannan masallaci, suna cewa yaya za a yi haka bayan duk majami'un da aka ƙone? Amma Bishop bai janye ba, domin waɗannan Musulmi su ma korarsu aka yi, tare kuma aka sha wuya.

Haka kuma ba za a manta da Rabaran Lawan Andimi na EYN ba, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, wanda aka sace a farkon Janairu na 2020, aka kashe shi cikin watan. A saƙon da masu tsare da shi suka ɗauka suka fitar, an gan shi cikin natsuwa yana miƙa al'amarinsa ga Allah, yana roƙon a kula da iyalinsa, bai zagi kowa ba. Ga mutanen Michika da Mubi da suke zaune a Jimeta, maganar hadaya ta Jumma'a Mai Kyau tana da fuskoki da sunaye da suka sani.

GA MU NAN KURMI

Saura mu da muke nan. Ɗan Adamawa a Kurmi, soja ne a barikin Ikeja ko Ojo, ɗan sanda ne, mai gadi ne, lebura ne a Apapa, ya san nesa da gida tana da nata sarƙoƙi. A gida akwai idon uwa da na kawu da na dattawan majami'a. A nan ba wanda ya san ɗan gidan wane ne kai. Albashi ya shigo ran 28 ga wata, kafin ran 5 ya ƙare a mashaya da gidan caca, mata da yara suna can Demsa ko Guyuk ko Hong suna jiran kuɗin makaranta da na taki. Wani ya ci bashin ɗan garinsu ya sauya unguwa. Wani kuma ya shekara 10 ba ya magana da ƙanensa saboda gonar gado. Duk waɗannan rinji ne, ko da yake ba a ganin shingensa.

Manzo Bulus ya gargaɗi mutanen Korinti, a wasiƙarsa ta fari sura ta 11, cewa kowa ya binciki kansa kafin ya miƙa hannu ga gurasar nan. Saboda haka wanda bai sami zuwa gida ba, kada ya ce Ista ta wuce shi. Akwai majami'u masu sujada da Hausa a barikoki da unguwannin 'yan Arewa, ya nemi mafi kusa. Kafin ya je, ya aika gida da abin da ya sawwaƙa, ya biya bashin da zai iya biya, ya nemi ɗan'uwan da suka ɓata. In ya dafa abincin salla kuma, ya tuna da maƙwabcinsa Musulmi wanda ya aiko masa da naman layya.

Ga masu hanyar Makurɗi da Jalingo zuwa Numan da Yola, muna roƙon direbobi su yi hattara, gara a isa a makare da a ce ba a isa ba. In kun sauka ku gai da mutanen gida. Allah ya ba ƙasar Adamawa da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.